Kaya sun tafi, kuɗi ba su zo ba: tambayoyi da amsoshi ga masu sayar wa mutanen ƙasar waje ta intanet

Huluna, jakunkunan fata da turaren wuta nake sayarwa, kuma yawancin masu sayen kayana ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wasu suna Ingila, wasu Amurka, wasu Saudiyya. Tun da abokan sana'a a Kasuwar Barci da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke nan Kaduna suka gane haka, ba a mako guda wani bai tare ni da wayarsa a hannu ba, yana nuna mini wani saƙo da ya hana shi barci. Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tattaro a nan, kamar yadda masu su suka yi mini su.

Malam, mai saye ya ce ya biya, har ya turo hoton risit, amma ban ga komai ba. In tura masa kayan?

Kada ka tura. Hoton risit ba kuɗi ba ne, yaro ɗan sakandare zai haɗa maka irinsa a waya kafin shayi ya huce. Saƙon imel ma ba hujja ba ne. Akwai wanda ya daɗe yana yawo, mai ɗauke da tambarin kamfanin biyan kuɗi, yana cewa an riƙe kuɗinka, sai ka aika da lambar bin sawun kaya ga wani adireshi kafin a sake shi. Duba adireshin da saƙon ya fito, sau da yawa za ka ga imel ne na kyauta irin wanda kowa ke buɗewa.

Abin da za ka yi guda ɗaya ne: rufe saƙon, ka buɗe manhajar dandalin, wato shafin intanet da kake sayar da kaya ko karɓar kuɗi a kansa, da hannunka, ka shiga asusunka. In an biya, odar za ta nuna an biya. In ba ta nuna ba, cinikin biri a sama ake so ka yi.

Sai dai ba kowane jinkiri ne damfara ba. Kuɗin da aka turo daga banki zuwa banki ta hanyar SWIFT, wato tsarin da bankunan duniya ke tura wa juna saƙon kuɗi, yakan ɗauki kwana 1 zuwa 5 na aiki. Agogon New York yana bayan namu da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, don haka wanda ya biya da yammacin Juma'arsu ya riga ya faɗa cikin hutun ƙarshen mako. Saudiyya kuma Juma'a da Asabar take hutu. Ƙidaya kwanakin aiki na ƙasashen biyu kafin ranka ya ɓaci.

Kuɗin ya fito a shafina, ina ganinsa da idona, amma an hana ni cirewa. Me ke nan?

Riƙo ne na ɗan lokaci, kuma kusan kowane sabon mai sayarwa yana shan sa. Dandalin bai san ka ba, yana jiran ya ga kaya sun isa, mai saye bai yi ƙorafi ba. Kamfanin biyan kuɗi na PayPal kan riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21. Amazon kuwa bisa al'ada duk kwana 14 yake biyan masu sayarwa, yana kuma ajiye wani kaso saboda kayan da za a iya dawowa da su. Ko tsohon hannu ne kai, in cinikinka ya yi tsalle kwatsam, a ce kana sayar da hula 5 a mako sai ga odar 80 gabanin Sallah, na'urarsu za ta ɗaga tuta.

Abin da ke gaggauta sakin kuɗi shi ne lambar bin sawu ta gaskiya, wadda ka shigar a cikin odar kanta, daga kamfanin aike da dandalin yake iya karanta bayanansa. Ba wa wani matafiyi saƙo ya kai London cikin akwatinsa ya fi arha, na sani, amma a idon dandali kayan nan ba su taɓa barin Kaduna ba.

An ce takarduna ba su yi daidai ba, alhali duk nawa ne. Ina matsalar take?

A nan ne yawancin mutanenmu ke maƙalewa, ba a wajen 'yan damfara ba. Ɗauko katinka na ɗan ƙasa, fasfo da bayanin BVN, ka jera su a gabanka. Ina tabbatar maka cikin mutum goma za ka sami da dama da sunansu ya sha bamban. A nan Muhammad, can Mohammed, a banki Muhammadu. Wani Abubakar Sadiq Usman ne a fasfo, Usman Abubakar a asusun banki, Sadiq ɗin ya ɓace. Hajiya ta yi aure ta koma amfani da sunan miji a banki, katin ɗan ƙasa kuma yana ɗauke da na mahaifi. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san haka. Na'urar da ke zaune a wata ƙasa ba ta san unguwa ba, harafi take dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Bankunan duniya suna tace kowane suna da jerin mutanen da aka ƙaƙaba wa takunkumi, sunayenmu na Musulunci kuwa miliyoyin mutane ne ke ɗauke da su. Sai sunanka ya yi kama da na wani da ba ka taɓa jin labarinsa ba, a dakatar da kuɗin har sai ma'aikaci ya duba da idonsa. Ranar haihuwa da lambar fasfo su ne ke raba gardama, don haka in an nema, ka bayar ba tare da fushi ba. Daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar ƙasa da ƙasa ta FATF ta sa wa ido kan safarar kuɗin haram, abin da ya sa bankunan waje suka ƙara tsananta bincike a kan duk kuɗin da ya nufo nan. An cire mu, amma tambayoyin ba su ɓace rana ɗaya ba.

Gyara daga tushe ake yi. Zaɓi rubutun suna guda, wanda ke jikin NIN, ka je banki a daidaita BVN da shi, sannan ka buɗe asusun dandali da wannan rubutun, harafi da harafi, har da jerin wanda ke gaba da wanda ke baya. Shaidar adireshi ma takan kawo cikas, domin takardar kuɗin wuta a gidajen haya na Kawo ko Unguwar Rimi sunan mai gida take ɗauke da shi, wani lokaci ma mai gidan ya rasu tuntuni. Nemi bayanin asusu daga bankinka mai ɗauke da sunanka da adireshinka, na watannin baya-bayan nan. Hoton kuma ka ɗauke shi da rana, kusurwa huɗu na takardar su fito. Na taɓa ɓata kusan wata guda ina kai da kawo da wani kamfani, ashe walƙiyar kyamara ce ta rufe lamba biyu a jikin katina.

Kuma kada ka sa asusun ƙaninka ko na matarka don karɓar kuɗi. Sunan mai shago da na mai asusun banki dole su zama ɗaya.

Abokina ya ce in buɗe PayPal da adireshin wata ƙasa, in riƙa shiga da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Yana aiki?

Yana aiki har zuwa ranar da kuɗi ya taru. Dalilin da ya sa wannan dabara ta yaɗu sananne ne: a 2014 PayPal ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa, amma ta biya ce kaɗai, aka shafe shekaru asusun Najeriya ba ya karɓar kuɗi. Sai mutane suka riƙa aron adireshi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Rana ɗaya za a ce ka kawo katin shaida na ƙasar da ka ce kana zaune, ba ka da shi, a rufe asusun, kuɗin ya zauna har kwana 180, sannan a ce za a tura shi bankin ƙasar da kai ba ka da asusu a cikinta.

Kafin ka ɗauki hoton kaya ko ɗaya, fara duba ta yadda dandalin ke biyan wanda ke zaune a Najeriya. Dandalin eBay ya rabu da PayPal wajen biyan masu sayarwa, ta kamfanin biyan kuɗi na Payoneer yake biyan na ƙasashe da yawa. Etsy ba ya buɗe wa sabon mai sayarwa shago sai ƙasarsa tana cikin jerin da tsarin biyansa ya amince da su. Kamfanin karɓar kuɗi ta kati na Stripe ba ya buɗe wa ɗan kasuwar Najeriya asusu kai tsaye, amma shi ya sayi Paystack a 2020, kuma Paystack da Flutterwave duk suna karɓar katin ƙasar waje in ka cika sharuɗɗansu. In dandali ba ya biyan Najeriya, nemi wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai saye a Jamus yana tambayata IBAN. Bankina ya ce ba su da shi.

Gaskiya suka faɗa maka, Najeriya ba ta amfani da IBAN, wato tsarin lambar asusu ta ƙasa da ƙasa da bankunan Turai ke amfani da shi. Ka ba mai sayen lambar asusunka mai lamba 10, lambar SWIFT ta bankinka, cikakken sunanka kamar yadda yake a asusun, da bayanin bankin shiga tsakani da bankinka ke hulɗa da shi a waje don wannan nau'in kuɗin. Wannan na ƙarshe ka karɓe shi a rubuce daga banki, domin na dala daban, na yuro daban, na fam daban.

Dala 500 aka turo, 460 da wani abu suka shigo. Wa ya ci sauran?

Bankunan hanya. Kuɗi ba ya tashi daga can ya sauka nan kai tsaye, yana ratsa banki ɗaya ko biyu a tsakani, kowa kuma yana cire ladansa. Lokacin da mai saye ke cike takardar turawa akwai zaɓi uku: OUR, wato shi zai ɗauki duk cajin, SHA, ku raba, BEN, kai za ka ɗauka duka. Yawancin mutane SHA suke bari domin shi suka tarar. Ka faɗa masa tun wajen ciniki wanne kuka yarda da shi, ka rubuta a takardar farashi.

In kuwa kuɗin ya ɓace a hanya gaba ɗaya, kada ka tsaya a "ya ce ya tura". Nemi ya karɓo maka takardar shaidar turawa daga bankinsa, wadda ma'aikatan banki ke kira MT103, tare da lambar bin sawun kuɗi ta UETR da ke jikinta. Da wannan lambar ake gano bankin da kuɗin ya tsaya. Ka kai ta sashen kuɗin waje na bankinka, ba wajen mai karɓar kuɗi a kanta ba. A manyan rassan da ke Yakubu Gowon Way da Ahmadu Bello Way ka fi samun wanda ya san kan abin.

Ni dala nake so, sai aka ba ni naira. Ba cuta ba ce?

Ya danganta da hanyar da kuɗin ya biyo. A Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar cewa kamfanonin aiko da kuɗi daga waje, irin su Western Union da MoneyGram, da naira za su riƙa biyan mai karɓa. In dala kake so ta zauna dala, sai ta shigo asusunka na kuɗin waje ta hanyar banki. Haka in an turo dala zuwa asusun naira, ko dai banki ya canza a farashinsa, ko kuɗin ya koma inda ya fito bayan an zaftare caji.

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji ta ragu ƙwarai a kan yadda take a da. Abin da ya fi cin riba yanzu shi ne canji sau biyu: mai saye ya biya da fam, dandali ya mai da shi dala, kamfanin biya ya mai da dalar naira, kowa da ɗan abin da yake gutsura. In da hali, sa farashi da kuɗin da za a biya ka da shi.

Ya biya fiye da kuɗin kaya, ya ce kuskure ne, in mayar masa da ragowar ta wani asusu.

Tsohuwar damfara ce. Katin sata ya yi amfani da shi, ko takardar banki ta bogi. Kai za ka tura masa kuɗinka na halal, bayan 'yan makonni mai katin na gaskiya ya kai ƙara, a janye duk abin da ya shigo. Wani lokaci sukan ce ragowar ta "wakilinsu mai ɗaukar kaya" ce. Soke odar, ka mayar da kuɗin gaba ɗaya ta hanyar da ya shigo, daga cikin dandalin, ka kuma kai rahoton mutumin. Kada ka taɓa kobo a ciki.

Wata biyu da karɓar kaya, sai ga shi an cire kuɗin daga asusuna. Yaya haka?

Wannan ita ce ta fi ciwo. A ƙasashensu mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai san da cinikin ba, ko kaya ba su zo ba, ko ba abin da aka nuna masa ba ne. Bankin zai janye kuɗin tukuna, sannan a tambaye ka. Ga katunan Visa da Mastercard wannan dama galibi takan kai kwana 120. A PayPal mai saye yana iya samun har kwana 180 na buɗe ƙorafi. A eBay kwana 30 ne daga isar kaya a ƙarƙashin tabbacin da suke ba masu saye, amma hakan bai hana shi zagayawa ta bankinsa ba.

Za a ba ka 'yan kwanaki ka kare kanka, in wa'adin ya wuce ba ka ce komai ba ka faɗi ke nan, ko da kai ke da gaskiya. Mai shari'ar kuma ba rantsuwa yake so ba, takarda yake so. Lambar bin sawu da ta nuna an kai kayan adireshin da ke jikin odar. Sa hannun wanda ya karɓa, wanda eBay ke buƙata ga odar da ta kai dala 750. Hotunan kayan kafin a naɗe, da nauyinsu a kan sikeli. Hirarku da mai saye a cikin dandalin, musamman inda ya ce kaya sun iso ko ya yaba. Rubuta bayaninka gajere, da ranaku, ba zagi ba roƙo.

Wurin da mutanenmu ke faɗuwa shi ne canjin adireshi. Mai saye ya biya, sai ya aiko da saƙo cewa a kai gidan ƙanwarsa a wani gari. Mu kuma da kara, sai mu ce ba komai. To da ka aika wani adireshin da ba na cikin odar ba, kariyar mai sayarwa ta tashi daga kanka. Ce masa ya soke ya sake oda da sabon adireshin.

Sannan a faɗi gaskiya, ba duk mai ƙorafi ne macuci ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da warinta, mu ba ma ji, Bature yana buɗe kwali zai ji. Ɗinkin hannu ba ya fita iri ɗaya sak. Girman hula da muke faɗa da lamba 22 ko 23 shi bai san inci ne na kewayen kai ba. Rubuta duk wannan a bayanin kaya. Abin da ka faɗa tun farko ba a kama ka da shi daga baya.

Kaya sun isa ƙasarsu, ya ƙi karɓa wai an ce ya biya kuɗin fito.

Ka sanar da shi tun kafin ya biya, shi ne maganin. Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT ga ƙananan kaya tun 1 ga Yulin 2021, kuma dandali kan karɓi harajin wajen biya in kayan ba su wuce yuro 150 ba. Sai ka tabbatar lambar da dandalin ya ba ka ta shiga takardar aike, in ba haka ba a sake cajin mutumin. A Ingila iyakar fam 135 ce. Amurka ta daɗe ba ta karɓar fito a kan kayan da ba su wuce dala 800 ba, amma ta soke wannan ga duk ƙasashe daga 29 ga Agustan 2025. Duk wanda ke amfani da tsohon lissafi yana jawo wa kansa rigima.

Kada ka rubuta "kyauta" ko ka rage farashi a takardar kwastan don taimakon mai saye. In kayan suka ɓace, abin da ka rubuta za a biya ka. Wasu kayan kuma ko an biya ba sa shiga. Kilishi, duk daɗinsa, nama ne, jami'an Amurka da na Turai ƙwace shi suke yi. Busasshen wake na Najeriya Tarayyar Turai ta hana shigarsa tun 2015. Jakar fatar kada ko ta mesa tana buƙatar izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji. In aka ƙwace, mai saye zai ce bai sami kaya ba, kuma da gaskiyarsa.

Katin mai saye ya ƙi shiga a shafina, ya gwada sau uku.

Yawanci bankinsa ne ya toshe da ya ga Najeriya. Ya kira su ya ce shi ne, ya tabbatar adireshin da ya shigar shi ne na jikin katin. Kai kuma duba ko an kunna maka karɓar katin waje, domin ba ya zuwa a kunne. Amma in ka ga mutum ɗaya yana jarraba kati huɗu biyar masu suna daban-daban, rabu da shi.

Wata mai saye ta ce mu koma WhatsApp mu gama ciniki, mu huta da kamashon dandali. Ko ta biya da kuɗin kirifto na USDT.

Hajiya, kamashon nan da kike jin zafinsa shi ne kuɗin alƙali. Da kun fita, ba mai shiga tsakani, kuma dandalin yana iya rufe shagonki in ya gano. Tsohuwar abokiyar ciniki da kuka daɗe tare daban ce, ita ma kuɗi ya riga kaya.

Batun kuɗin kirifto, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023. Ba a janye shi daga hannunki kamar na kati, wannan gaskiya ne. Haɗarin yana wajen canza shi zuwa naira: baƙon da ya tura miki nairar ba ki san inda ya samo ta ba, in ta sata ce asusunki za a daskarar.

Ni citta nake so in fitar buhu-buhu daga Kachia. Duk wannan ya shafe ni?

Naka ya wuce na mai aika kwali. Kana buƙatar kamfani mai rajista da CAC, takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da fom ɗin fitar da kaya na NXP da ake cikewa ta hannun bankinka kafin kaya su tashi. Doka ta ce kuɗin kayan da ba na mai ba ya dawo gida cikin kwana 180, ya shiga asusun kuɗin waje na fitar da kaya. In dala masu yawa suka faɗo asusunka ba takardar da ta bayyana su, banki zai riƙe ya yi tambaya. Ga kayan gona akwai kuma takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS.

Wajen biya, kada ka loda kwantena a kan alkawari. Ko dai kafin alƙalami mai kauri, sauran in an nuna takardar lodin jirgi, ko wasiƙar lamuni ta banki, wadda za ka sa bankinka ya tabbatar da ingancinta kafin ka sayi buhu ɗaya. Kai ma kada ka karɓi kuɗin abin da ba ka da tabbacin samu. Cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta nuna yadda farashi ke tashi ya bar wanda ya riga ya yanke ciniki da asara.

Banki ya riƙe kuɗina, na gaji da zarya. Ina zan kai kuka?

Daina zuwa da baki kawai. Rubuta takardar ƙorafi, ka haɗa da takardar farashi, shaidar aike da shaidar turo kuɗi, ka miƙa, a buga maka hatimi a kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ka ambaci wannan lambar, domin ita za su fara tambaya. In damfara ce aka yi maka, hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a nan Kaduna. Tafi da wayar da saƙonnin ke ciki, kada ka goge komai, ka kuma buga hirar a takarda tun daga saƙon farko.